Godiya ga gidan saida shuke-shuken unguwarmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in yi rubutun nan, yau dai nace sai na sauke nauyi, dan wanda ya maka alheri a baƙon wuri bai kamata ka yi shiru ba.

Mu da muke zaune a bakin teku nan Kent ta Ingila mun san halin filin bayan gida, tsakuwa ce zalla ga iska mai gishiri ba dare ba rana, duk abun da na shuka sai ya ƙone kamar an watsa masa ruwan zafi. Na shigo wajenku da kuɗi a hannu zan kwashi furanni masu tsada, dattijuwar nan mai kula da ɓangaren ganye ta hana ni, tace asara zan yi. Wai mai shago da kansa ya hana ka kashe kuɗi, ni dai ban saba gani ba.

Sai ta miƙo min 'yan guntayen saiwa kamar tsinken fensir, tace kabejin teku ne, sea kale, a littafi Crambe maritima, ɗan uwan kabejin da muka sani. Tace in ina shakka in je Dungeness, wani bakin teku mai tsakuwa nan Kent, in gani da idona. Na je kuwa, ga shi nan kwance a kan tsakuwa inda ko ciyawa da ƙyar take fitowa, ganye kauri-kauri mai lanƙwasa, shuɗi-shuɗi kamar an shafa masa toka, saiwar ce ke nutsewa can ƙasa neman ruwa. 'Ya'yansa ma yawo suke a kan ruwan teku har igiyar ruwa ta jefa su wata gaɓar su tsira, ikon Allah kenan.

Da hunturu ya shigo ganyen ya ruɓe ƙurmus, na kira ku hankali tashe, yaron da ya ɗauki waya yana dariya yace Hajiya kar ki tone, barci yake. Sanyi na wucewa sai ga tsiro kalar zoɓo yana leƙowa, zuwa Yuni kuma farin fure mai ƙanshin zuma, ƙudan zuma sun hana mu shanya.

Ku kuka ce in haƙura sai shekara ta 3 kafin in ci, ku kuka koya min kife masa bokiti a Janairu dan kar ya ga haske, tsiron ya fito fari sol ba ɗaci. Na turara na sa man shanu, maigida da yace wahalar banza nake shi ya suɗe kwanon. Dodon koɗi ne kawai har yanzu muke rigima dashi.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara kasuwa. Asabar ina nan tafe da maƙwabciyata, ita ma tsakuwar ce ta ishe ta.