Zoben da likita ya gani a idona

Mutumina,

Bayan gaisuwa, ya iyali, ya sanyin Agadas? Na ɗauki biro ne don in tambaye ka maganar filin nan, amma bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Makon jiya na je a auna ni a ba ni tabarau, don karatun jarida ya fara gagarata. Likita ya haska idona, ya yi shiru, sai ya ce shekaruna nawa. Na ce 38. Ya miƙo min madubi. Wallahi zobe ne fari-fari, kamar toka, ya kewaye baƙin idon. Kullum ina kallonsa ban taɓa kula ba. Ya ce a idon tsoho ba komai ba ne, amma ga wanda bai kai 45 ba, sau da yawa kitse ne ya yi yawa a jini. Ni! Ni da kuke kira Tsinke! Kai mai tumbin, yi dariyarka, zan rama.

Da ya tambayi gidanmu sai jikina ya mutu. Ka tuna tabon nan ruwan ɗorawa a fatar idon Baba, ta wajen karan hanci, wanda Inna ke cewa zanen arziki? Ashe kitse ne ya taru. Kuma ka san zuciya ce ta ɗauke shi, Allah ya jiƙansa. Gwaji ya nuna kolestarol ɗina, wato kitsen jini, ya yi sama sosai, irin na gado, wanda ake samu a kusan mutum 1 cikin 250. Kowane ɗana rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Nan ne damuwata, su ukun za a gwada.

Zoben ba ya hana gani, kuma ba zai goge ba. An ɗora ni kan statin, maganin rage kitsen jini, ƙwaya ɗaya kullum, don rage ci kaɗai ba ya isa. Uwargida ta ɓoye man shanu kamar zinare. Mai balangun bakin kasuwa har aike ya yi, wai ko mun yi faɗa ne.

Af, angon bara ya ƙara aure, tsohuwar ta yi yaji sau biyu. Ya ce in gaya maka kuɗin ankon na nan bai manta ba.

Don Allah ka tsaya gaban madubi da hasken rana, sannan ka je a ɗebi jininka ko ba ka ga komai ba. Ka gaida Hajiya.

Naka,
Tsinke