Wasiƙar godiya ga ma'aikatan ɗakin gyaran tsofaffin takardu

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu tara tsofaffin allunan wasa (wato faifan takarda ko kwali mai zane da ake wasa a kansa) da karta mun ga ya dace, bayan gyaran da kuka yi wa kayanmu, mu gode muku a bainar jama'a. Yabon gwani ya zama dole. Abin da ya sa muka sara muku shi ne kun san bambancin lalacewa da sawun hannun mai buga zane, kuma ba kowane mai gyara ya san wannan ba.

Allunan ƙarshen ƙarni na 19, irin na kamfanin McLoughlin Brothers da ya yi aiki a New York daga 1858 zuwa 1920, da dutse aka buga zanensu. Hanyar ita ce wadda Godefroy Engelmann ya yi wa rajista a Faransa a 1837: kowane launi da dutsensa. A zana da abu mai maiƙo, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙon yake kawai. Takarda guda sai ta bi ta kan duwatsu takwas, goma, ko fiye. Da ta goce kaɗan a kan ɗaya, sai ka ga jan rigar wani ya leƙo waje da baƙin layi. Wanda bai sani ba zai ɗauka aibi ne, ya bi shi da fenti. Ku kun bar shi yadda yake. Haka ɗige-ɗigen da ke kumatun mutanen cikin zanen: in an sa madubin ƙara girma za a ga da hannu aka ɗiga su, ba su jeru kamar na injin yau ba. Ko ɗaya ba ku taɓa ba.

Waɗanda suka fi tsufa kuwa, na Ingila a farkon shekarun 1800, a farantin tagulla aka sassaƙa zanensu, aka shafa launi da hannu, aka yayyanka takardar aka manna a kan ƙyalle don ta naɗu. Wannan launin ba ya shiri da ruwa. Shi ya sa gwajinku ya burge mu: ɗan ɗigon ruwa a bakin siririn buroshi, a ɗora a gefen kowane launi, a danna da takarda mai tsotsa. In ta ɗauko launi, to ruwa ya haramta a wurin, sai buroshi mai laushi da busasshen soson roba. Safar hannun da kuke sawa wajen kore mai haske ma ba iyayi ba ne, don wasu koren wancan zamani da gubar arsenik aka haɗa su.

Salatif shi ne babban abokin gaba. Gam ɗinsa yana narkewa ya shige cikin takarda, ya bar tabo ruwan ƙasa. Kun ɗaga ledar da ɗan ƙarfe mai ɗumi, kuka cire ragowar gam ɗin sannu a hankali, sannan kuka ɗinke yagar ta baya da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama. Amfanin sitaci shi ne gobe ana iya warware shi da ɗan danshi. Inda takarda ta ɓalle, a kan facin kaɗai kuka sa launi.

A wajen karta ma haka. Tsohuwar karta takardu ne aka manna falle-falle, sau da yawa da baƙin gam a tsakiya don kada haske ya tona abin da ke hannun ɗan wasa. Laima na buɗe gefenta, robar ɗauri kuma in ta tsufa sai ta narke ta manne wa katin sama da na ƙasa. Kun manne gefunan, kuka danne su a tsakanin takardu masu tsotsa har suka bushe a miƙe. Katin da ya ɓata daga cikin jeri, kun buga madadinsa kuka rubuta a bayansa cewa kwafi ne. Da wani ne, da ya rina shi da shayi ya ce na asali ne.

Gaskiya aikinku ba ya sauri, har wasunmu sun ƙosa. Da aka ga hotunan kafin gyara da na bayan gyara, tare da bayanin duk abin da aka shafa wa kowane allo, kowa ya yi shiru.

Shawarwarin da kuka haɗo mun karɓa: danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, zafi wajen digiri 18 zuwa 20, a nisanta da rana don ja da shunayya ke fara koɗewa, kada a jibga kwali a kan kwali har murfi ya lotsa, kuma kada a kuskura a yi laminatin, don ledarsa ba ta rabuwa da zane sai da ɓarna.

Allah ya ƙara basira, ya yi wa sana'a albarka. A miƙa gaisuwarmu ta musamman ga masu aikin cire salatif.

Naku,
Masu tara tsofaffin allunan wasa da karta