Yaren Biyetnam ba Sinanci ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili. In an ambaci Biyetnam sai mutanenmu su tuna yaƙin Amurka kawai, wasu har cewa suke yarensu Sinanci ne, wallahi ba haka ba ne, ɗan uwansa na jini shi ne yaren Khmer na Kambodiya. Sin ce ta mamaye arewacin ƙasar a 111 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta zauna kusan shekara dubu, kalmominta suka yi ta shiga kamar yadda Larabci ya cika Hausa amma bai mai da mu Larabawa ba.

Yadda mutanen Biyetnam suka kori Sinawa ne ke burge ni. A 938 sarkin yaƙinsu Ngo Quyen ya sa aka kakkafa turaku masu tsinin ƙarfe a kogin Bach Dang, aka yaudari jiragen Sinawa suka shigo lokacin da ruwa ya cika, yana janyewa sai turakun suka farfasa su.

Har irin nasu ajamin gare su, Chu Nom, wato rubuta yarensu da haruffa irin na Sinanci, boko ya zo ya danne shi, yau ƙalilan ne ke iya karanta shi.

Naku,
Mai karatu daga Zariya