Wasiƙa Zuwa Kumasi Kan Batun Ɗan Yayanka

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan Fagge sai godiya, Sallah ta ƙarato, kekunan ɗinki ba sa hutawa dare da rana.

Saƙonka kan ɗan yayanka sau biyu na karanta shi. Ka ce ka yi masa faɗa kan halinsa har bakinka ya gaji, yanzu za ka zuba masa ido. Don Allah kada ka yi haka. Bari ka ji labarin yaron shagona.

Maraya ne, ɗan wani maƙwabcinmu. Yana da shekara 17 mahaifiyarsa ta kawo min shi tana kuka, ya riga ya faɗa shan maganin tari. Gwamnati ta haramta na kodin tun 2018, amma wanda bai samu kwalba ba sai ya koma sholisho. Wata guda cur ban ce masa uffan a kan wannan ba. Guga na ba shi da sa maɓalli, kuma kullum bayan azahar kwano ɗaya muke sa hannu. A bakin kwanon nan na ji cewa rashin kuɗin jarrabawa ne ya raba shi da makaranta, kunya ta hana shi gaya wa kowa.

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah ya yanka shaddar wani bawan Allah ba daidai ba, wuyan ya lalace. Ya tsaya da almakashi a hannu, jikinsa na ɓari, yana jiran mari. Raina ya ɓaci matuƙa, ba zan ɓoye maka ba. Sai na tuna maigidanmu, Allah ya jiƙansa, ranar da na ƙona masa babbar riga da dutsen guga na gawayi, ya ce in zauna in ci abinci tukuna. Kai ma kana wurin. Na ce wa yaron ya sa takalmi, muka nufi Kantin Kwari, na sayi yadi biyar, na mayar masa da almakashin, ya sake yankawa ina tsaye a kansa.

Bayan Sallah na damƙa masa makullin shago. Abokan sana'a suka ce na yi ganganci. Shekara biyu ke nan, ko zare bai ɓace ba. Sau ɗaya ya koma ruwa, ya yi kwana huɗu bai zo ba. Ban aika kowa ba, da ƙafata na je na same shi a kango, na zauna kusa da shi har aka kira magariba, muka taho tare. Bana zai zauna jarrabawar NECO ta kammala sakandare, da yamma nake sallamarsa ya tafi darasi.

Ka ja ɗan yayanka zuwa rumfarka ta goro. Ka ba shi huhu ɗaya ya kula da shi, ya riƙa yayyafa ruwa yana tsince ruɓaɓɓe, cinikin ranar kuma ya ƙirga da hannunsa. In ya yi magana, ka bari ya kai aya kafin ka amsa.

Ka rubuto min yadda kuka yi bayan Sallah. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka na Fagge