Wasiƙa zuwa ga Abba a Jos

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin Jos? Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Ummanku ta yi sauƙi, har ta samu zuwa sunan gidan Kawu da kanta.

Da gangan na ƙi yin wannan magana a waya. Kana da saurin cewa "to Baba" tun ban kai aya ba, ni kuma da na ji muryarka sai jikina ya yi sanyi in bar zancen. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a tsanake.

Na ga bidiyon da ka yi wa Baffanka a marina. Ba kai ka turo mini ba. A Kantin Kwari na gani, a wayar wani yaron shago, mutane sun yi cincirindo a kansa, sai ɗaya ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ba yayanka ba ne?"

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye maka ba. Baƙi da yawa sun zo Ƙofar Mata da kyamara, abin da suke nema bai wuce hannun marini da ya rine ba, su ɗauka su tafi. Kai ka tsaya ka jira lokacin da ake tsamo yadi daga rami yana kore-kore, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a kan idon mutum. Wanda bai tashi a karofi ba bai san akwai wannan ba. Na kuma lura da abin da ka yi ta yi mana bayani a hutun Sallah, cewa ana raba hoto gida uku, ba a dasa mutum a tsakiya kamar hoton fasfo. Ka ajiye Baffa a gefe, ka bar jerin ramuka suna jan ido har bangon baya, jan bangon nan kuma ya fito da shuɗin sosai. Ka ce a aji aka koya muku shuɗi da ruwan lemo suna ɗaga juna. Na yi dariya a raina, domin tun kafin a haife ni masu ɗinki suke ɗora zare ruwan goro a kan shuɗiyar riga, ba wanda ya kai su aji. Amma dai na ji daɗi da ka san dalilin.

To amma Abba, wane ne mutumin da ke cikin bidiyon nan? Ni ban gane shi ba.

Ka zuƙe kalar komai ka mayar ruwan toka, in ban da rinin. Fuskarsa ta zama kamar ta wanda ya tashi daga jinya. Ka hau katanga ka ɗauko shi daga sama yana tsugune, ya koma ɗan mitsitsi. Ka daɗe a kan yagewar rigarsa, alhali ka san babu mai hankalin da zai sa rigar kirki ya shiga aikin baba da toka da kanwa. Ka rage gudun hoton, ka ɗora sarewa mai sa kuka. Babur ɗinsa da ke jingine a bakin ƙofa ka yanke shi. Yaransa masu koyon aiki ka yanke su. Ranar nan yana da baƙi Buzaye da suka zo ciniki, ya zauna da su ana ta raha, ko ƙyallinsu ban gani ba. Ba ka ƙara komai na ƙarya ba, na yarda, amma abin da ka cire ya isa.

Yanzu ga mutanen da ba su taɓa saninsa ba suna rubuta "Allah sarki tsoho", har da mai neman lambar asusunsa zai tura sadaka. Mutumin da ya sauke farali da kuɗin hannunsa, ya aurar da 'ya'yansa, ya riƙe mu bayan rasuwar Malam ba wanda ya ji kanmu! Bai ce komai ba, ka san halinsa. Da na je masa da maganar cewa ya yi, "ƙyale shi, yaro ne." Sai dai ya kwana biyu bai fito majalisa bayan isha'i ba.

Na san amsarka. Za ka ce sana'ar tana mutuwa, kana so duniya ta sani. Gaskiya ne. Wurin da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, yau ramuka da yawa sun cike da shara, rinin kanti da atamfar Sin sun cinye kasuwa, yara sun fi son tuƙa adaidaita. Faɗi wannan, ni ma zan tsaya a gaban kyamararka in faɗa. Amma ba sai ka mayar da Baffanka almajiri ba kafin a saurare ka.

Duk wannan ma da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da Ummanku ta faɗa mini, wai aikinka na kammala karatu a cikin gida kake son yin sa, a kan matan gida, har da Yayarka.

Ban yarda ba. Ban yarda ba, kuma kada ka biyo ta wajen Ummanku ko Gwaggo don su lallashe ni. Kai ka san halin da Yayarka ta dawo gidan nan, ka san har yau maganar yaran ba ta mutu ba, ka kuma san irin mutanen da muke fama da su. Minti ɗaya na fuskarta ya ishe su. Za ka ce malamanka kawai za su gani. Haka ka ce a kan na Baffa, ga shi a Kwari. Abokinka zai ce tura mini, shi ma ya tura wa wani, gobe a datse shi a ɗora masa waƙa a TikTok, a yi ta yawo da shi a WhatsApp ɗin unguwa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ya rubuta abin da ya ga dama a ƙasa. Namiji a yi surutu kwana biyu a manta. Mace fa? Ga ƙannenka biyu ko maganar aurensu ba a fara ba. Ummanku ta ce ka ce ta baya za ka ɗauke su, ko a inuwa, ko hannuwa kaɗai. Abba, a unguwar nan? Inda ake gane Gwaggo da zaninta tun daga bakin masallaci? Turmin gidanmu ma an san shi.

Allah Ya ce a Suratun Nur kada a shiga gidan da ba naka ba sai an nemi izini an yi sallama. Kai ɗan gida ne, amma dubban da za su biyo kyamararka har tsakar gida wa ya ba su izini? Mu a marina in mutum ya kawo farin yadi sai mun sake tambayarsa wane irin shuɗi yake so kafin mu tsoma, don in ya shiga rami ba ya dawowa fari. Ko Baffanka ka nuna masa kafin ka saki? Ba ka nuna ba. Wannan rashin ta-ido ne, kuma ba haka na rene ka ba.

Kada ka ce na tsani karatunka. Lokacin da aka taru a zaure ana cewa ɗan marini zai tafi Jos ya zama ɗan fim, wa ya tsaya maka? Ka san abin da aka sayar aka sayi kwamfutar nan, ka san wanda har yau ba ya gaishe ni da kyau saboda haka. Na tsaya ne don na ga yadda idonka yake tun kana kwasar ragowar rini a gwangwani kana ɓata mana bangon zaure. Na ce musu baiwa ce, a bar shi. Kada ka sa su ce ai dama sun faɗa.

Abin ɗauka bai ƙare ba. Ka je wajen masu bugu ka gwada kama ƙyallin turkuɗi lokacin da ake dukansa da shuni, in ka iya wannan na sallama maka, don ni ban taɓa ganin hoton da ya fito da shi daidai ba. Ka je Kura, garin masu turkuɗi. Ka zo marina da sassafe lokacin hunturu, kafin rana ta yi ƙarfi, ka ga kalar da ruwan rami yake yi in an buɗe shi. Zan haɗa ka da dattawan wurin da kaina, su ba ka labari da bakinsu, cikin rigunan da suka zaɓa. In malaminka ya rage maka maki don babu hawaye a ciki, ya rage.

Na Baffa kuwa, ko ka sauke shi ko ka gyara, ka mayar masa da kalar fuskarsa da baƙinsa. Ka kira shi kafin Juma'a, ba saƙo ba, kira. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka gaishe shi ka ba shi haƙuri, zai karɓa.

Na tura kuɗin da ka ce na hayar fitila, ka duba. Ummanku ta ba direban da ka sani yaji da dambun nama da rigar sanyinka da ka manta, ka je tasha ka karɓa ranar Asabar. Kuma don Allah ka daina yawo da kyamara a unguwar da ba ka sani ba bayan magariba. Ƙannenka suna gaishe ka, auta ta ce ka taho mata da dankalin Turawa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Mahaifinka