Wasiƙa zuwa ga aminina a Alƙahira

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma karatu yana tafiya daidai. Mu nan sai godiya.

Ka tuna kukan da na yi maka bara, cewa da na fara darasin tarihin likitanci ɗalibai sai hamma? To, na samo dabara. Na sami kwali mai faɗi na zana gidaje kamar na ludo, hanya ta tashi daga Bagadaza ta bi Alƙahira da Ƙurɗuba har Turai. Kowane ɗan wasa likita ne, duk gidan da ya sauka sai ya ja kati, a katin akwai majinyaci. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba mai ambaton ƙwayoyin cuta, domin mutanen wancan zamani ba su san su ba. Abin da ke hannunka shi ne ruwaye huɗu na jiki, wato jini da majina da ruwan maɗaciya rawaya da baƙi, sai zafi da sanyi da danshi da bushewa, kamar yadda likita Ibn Sina ya tsara a littafinsa Alƙanun da ya kammala a 1025.

Da farko dariya suka yi ta yi wa likitocin. Sai wata yarinya ta ja katin mai zazzaɓi da ƙuraje, ta yi shiru, ta ce, "Malam, ta yaya zan gane agana ce ko ƙyanda, ba gwaji?" Na ce mata wannan ita ce tambayar da likita Ar-Razi ya zauna a kai, ya lura da majinyata har ya rubuta bambancin cututtukan biyu. Wallahi tun daga ranar dariyar ta ragu. Da aka zo batun fitar da jini kuwa, wani ya ce ai kakansa wanzami ne, har yau yana ƙaho, ya tashi ya yi mana bayanin yadda ake kafa shi.

Gidan da ya fi tayar da gardama shi ne na Ragusa, birnin da a yau ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya. A 1377, shekaru talatin bayan baƙar annoba ta shiga Turai, birnin ya kafa doka cewa duk wanda ya fito daga garin da ake annoba ya zauna a keɓe kwana talatin. Wanda ya faɗa gidan, zagaye uku ba ya jifa. Su da suka ga kullen korona, ba sai na yi dogon bayani ba.

Yanzu ga roƙona. Ina so in ƙara gida na asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284. Tunda yana nan titin Al-Mu'izz, don Allah ka leƙa ka ɗauko mini hotunan abin da ya rage na ginin, ka turo kafin a koma hutu.

Ka gaishe da uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka