Zuwa ga Malam Nasiru, daga Bajiniya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Binta da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Kai kuma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Tun da aka ba ka kujerar nan mai juyawa ka daina ɗaga waya, halin Zagezagi dai ba ya ɓuya. Maganar takardun filin nan na bayan makaranta ce ta sa na zauna rubutu, amma bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a rai.

Makarantar su Ummi ta kai su Monticello da ke nan jihar Bajiniya, gidan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, aka nemi iyaye su raka, uwarta ta tura ni. Shi ne wanda ya rubuta a takardar 'yancin kai ta 1776 cewa an halicci mutane daidai. Shi ɗin dai ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Wannan na sani tun muna aji. Labarin 'ya'yansa ne ya hana ni barci.

Matarsa Martha ta rasu a 1782. Cikin bayin da suka zo daga gidan ubanta akwai wata yarinya, Sally Hemings, wadda ubansu ɗaya da Martha. Ƙanwar matarsa ce ke nan, amma a lissafin dukiya take. A 1787 aka tura ta Faris, inda Jefferson yake a lokacin, ta raka 'yarsa, tana da shekara 14, shi yana da 44. Ɗanta Madison ya faɗa wa wata jarida a 1873 cewa uwarsa ta ƙi dawowa, don a Faransa tana iya samun 'yanci, sai da aka yi mata alkawarin za a 'yanta 'ya'yanta in sun kai 21. Cikin 'ya'yan da ta haifa wa Jefferson, huɗu suka rayu: Beverly, Harriet, Madison da Eston. Dukansu a bauta aka haife su a gidan ubansu, domin tun 1662 dokar Bajiniya ta ce ɗa uwarsa yake bi. Ka ga dabara? Ubangida ya haifi ɗa, dukiyarsa ta ƙaru.

Nan na tuna karatunmu a zauren Malam. Ƙwarƙwara in ta haihu ba a sayar da ita, ranar da ubangida ya mutu ta zama 'ya, ɗanta kuma ɗa ne, yana gado, har sarauta yana yi. Na san yanzu za ka gyara zama ka ce ai mu mun fi su. Sassauta, Malam. Rinji da gandu ba a Amurka suke ba, kuma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ka manta yadda aka wargaza auren Habu da 'yar gidan su Lami? Wata gwaggo ce kawai ta ce a binciki asali, magana ta mutu. Af, an ce ya samu wata a Funtuwa, har an kai kuɗin gaisuwa. Gaskiya ne? In haka ne ka ce masa wannan karon ya rufe bakinsa har a shafa fatiha, kuma kada ya sake ya ba ka riƙon kuɗin walima.

To, Jefferson ya mutu ranar 4 ga Yuli 1826, da bashin dala 107,000 a wuyansa. Mutum biyar ya 'yanta a wasiyyarsa, ciki har da Madison da Eston. Sally ba ta ciki, 'yarsa ce daga baya ta bar ta ta tafi. A Janairun 1827 aka fara gwanjon mutum 130 don biyan bashi. Maƙerin gidan, Joseph Fossett, yana cikin biyar ɗin nan, amma yana ji yana gani aka sayar da matarsa da 'ya'yansa. Ummi ta tambayi mai yi mana bayani ko laifi suka yi. Baiwar Allah ta rasa abin cewa.

Daga nan zuriya ta rabu. Beverly da Harriet sun bar gidan tun 1822, suka shige cikin Turawa, don fatarsu ba ta tona su. Eston ya koma Wisconsin a 1852, ya ɗauki sunan Jefferson, ya rayu a matsayin Bature, ɗansa har kanar ya zama a sojan Arewacin Amurka lokacin yaƙin basasarsu. Jikoki na baya sai aka riƙa ce musu wai daga wani baffan Jefferson suka fito, don a binne maganar baiwa. Madison ya zauna cikin baƙaƙe a Ohio, bai ɓoye komai ba, jikansa Frederick Roberts ya shiga majalisar Kalifoniya a zaɓen 1918. Su kuwa jikokin uwargida cewa suka yi 'ya'yan 'yar'uwar Jefferson ne, 'yan gidan Carr, suka yi aika-aikar. Masana tarihi suka riƙe wannan fiye da shekara ɗari, suka yi watsi da maganar Madison, ba don komai ba sai don daga bakin da ta fito. Sai a 1998 gwajin ƙwayoyin gado ya nuna zuriyar Eston jinin mazan gidan Jefferson ce, ba ta Carr ba. Har yau wasu na laɓewa da cewa ƙanen Jefferson ne uban. Ni dai ban ga ƙanen da ke zuwa daidai lokacin da wa yake gida ba, domin littafin Jefferson da kansa ya nuna yana Monticello wata tara kafin kowace haihuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai maƙabartar gidan ce. Tana hannun ƙungiyar zuriyarsa ta wajen uwargida. A 2002 suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi karɓar zuriyar Sally, watau ko gawa ba a yarda ta kwanta kusa da kaka ba. Ita Sally ta rasu a 1835, ba wanda ya san kabarinta. Ɗakin da ake jin ta zauna ma banɗaki aka mayar da shi a 1941 don masu yawon buɗe ido, sai 2018 aka buɗe shi da sunanta.

Sanyi ya fara shigowa, Maman Ummi na ta mitar daddawarta ta ƙare. In Alhaji Sabo zai taso wata mai zuwa, a haɗo shi da ita da kuka da ɗan yaji, a ɗaure sosai, na bara duk ya zube a jaka. Ka gaida Baba da kyau, ka gaida mutanen majalisa, ban da Ɗanjuma sai ya biya ni kuɗin hulata.

Naka,
Bashir